Haƙƙin Mata a Lokacin da Dimokuraɗiyya Ke Tangal-tangal: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu aiki a ƙungiyoyin mata, 'yan jarida, ɗalibai da matan da suka shiga siyasa a ƙasashen da gwamnati ta fara tattare iko a hannu ɗaya. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Me ake nufi da cewa dimokuraɗiyya na ja da baya, alhali ana ci gaba da zaɓe?

A da, in an ce mulkin kama-karya soja ake hangowa, da tankar yaƙi a ƙofar gidan rediyo. Har yanzu ana yin haka, kamar yadda aka gani a Myanmar da Sudan a 2021. Amma hanyar da ta fi yawa yanzu ita ce shugaba ya hau ta akwatin zaɓe, sannan ya shiga kwance duk abin da zai iya taka masa burki: ya cika kotun tsarin mulki da mutanensa, attajiransa su saye jaridu da gidajen talabijin, a sake yanka mazaɓu, a ɗaure ƙungiyoyin farar hula da dokokin rajista da na kuɗi. Ranar zaɓe tana nan, sai dai 'yan adawa ba su da inda za su yi magana, ba su da kotun da za su kai ƙara. Haka aka bi a Hungari bayan 2010, da Turkiyya, da Nikaraguwa, da Tunisiya bayan 25 ga Yuli 2021. Cibiyar V-Dem ta Jami'ar Gothenburg ta ƙiyasta cewa a 2023 kashi 71 cikin 100 na mutanen duniya suna ƙarƙashin mulkin kama-karya, alhali shekara goma kafin nan kashi 48 ne.

2. To me ya haɗa wannan da mata musamman? Ai danniya kowa take shafa.

Kowa take shafa, amma ba a wuri ɗaya take kama kowa ba. Yawancin haƙƙoƙin da mata suka samu a kan hukumomi suka dogara: kotun da za ta tilasta wa uba ciyar da 'ya'yansa bayan saki, ɗan sandan da zai karɓi ƙarar duka, dokar da ta hana korar ma'aikaciya don ta yi ciki. Idan kotu ta zama 'yar amshin shata, mai kuɗi da mai uwa a gindin murhu suna da wata hanyar. Matar da aka cinye wa gado ba ta da ita.

Sannan ƙungiyoyin mata suna da abin da mai son mulki shi kaɗai yake tsoro. Suna shiga lungu-lungu, suna haɗa mutanen da jam'iyya ko addini ya raba, kuma buɗe wuta a kan taron iyaye mata yana zubar da mutuncin gwamnati fiye da kowane irin taro (duba ta 12).

Akwai kuma ribar siyasa. Tayar da ƙura a kan "aƙidar jinsi", wato zargin cewa masu neman daidaiton maza da mata so suke su rusa iyali, yana tara masu kishin addini, masu kishin ƙasa da samarin da rayuwa ta yi wa tsanani a inuwa ɗaya, ba tare da an kashe ko kwabo wajen gyara tattalin arziki ba. A Kolombiya, ɗaya daga cikin makaman da aka yi amfani da su wajen kayar da yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC a ƙuri'ar raba-gardama ta Oktoba 2016 shi ne cewa an ɓoye wannan aƙida a cikinta. Masu cewa a'a suka yi rinjaye da kashi 50.2. A Koriya ta Kudu, Yoon Suk Yeol ya ci zaɓen 2022 da ratar da ba ta kai kashi 1 ba, bayan ya yi wa samari alkawarin rushe ma'aikatar daidaiton jinsi. Shi ne ya ayyana dokar soja a ranar 3 ga Disamba 2024.

3. Ta ina ake farawa? Waɗanne alamomi za mu lura da su?

Da wuya a fara da soke doka. Ana farawa da abin da ba zai hau kanun labarai ba. A 2011 Turkiyya ta narkar da ma'aikatar mata a cikin sabuwar ma'aikatar iyali da walwalar jama'a, kalmar "mata" ta ɓace daga sunan. Daga nan sai kuɗi: a 2016 gwamnatin Polan ta daina tallafa wa Cibiyar Haƙƙin Mata, wadda ta daɗe tana taimakon waɗanda aka yi wa duka, da hujjar cewa mata kaɗai take yi wa aiki. A Oktoba 2017, washegarin wata zanga-zangar mata, 'yan sanda suka kai samame ofisoshinta da na wata ƙungiyar, suka kwashe kwamfutoci da takardu. Sai kuma a ɗaga ƙungiyoyin da ke kusa da fada su maye gurbin masu zaman kansu a kwamitocin ba da shawara, su kuma wakilci ƙasa a tarukan waje. Jami'o'i ma ana taɓa su: a 2018 Hungari ta soke izinin karatun digiri na biyu a nazarin jinsi da umarnin gwamnati kawai. Dokar kanta a ƙarshe ake zuwa mata. A Fabrairu 2017 Rasha ta mayar da dukan iyali na farko, in bai kai ga mummunan rauni ba, ƙaramin laifi na tara ko tsarewar kwana 15.

Takardu uku ya kamata ƙungiya ta riƙa bi duk shekara. Kasafin kuɗi, musamman bambancin abin da aka ware wa gidajen fakewa da layin kiran gaggawa da abin da aka saki. Jaridar gwamnati da ake buga dokoki da umarni a ciki, domin nan ake sauya ma'anar kalmomi a ɓoye. Sai alƙaluman kisan mata da fyaɗe: ranar da hukuma ta daina fitar da su, ku fara tara naku.

4. Ni ban yarda da zubar da ciki ba. Me ya sa abin da ya faru a Polan zai dame ni?

Saboda hanyar da aka bi. Mutane masu hankali da imani sun rabu a kan wannan batu, kuma al'umma na iya yanke shawararta ta kowane ɓangare. Abin dubawa shi ne wa ya yanke, kuma ko waɗanda abin ya shafa sun samu bakin magana. A 2016 an kai wa majalisar Polan ƙudirin haramtawa baki ɗaya. Ranar 3 ga Oktoba mata suka yi yajin aiki, suka fito cikin baƙaƙen kaya, kwana uku bayan haka majalisa ta yi watsi da ƙudirin. Da aka ga majalisa ba za ta ɓulle ba, sai 'yan majalisar ɓangaren gwamnati suka kai batun Kotun Tsarin Mulki, wadda tun 2015 aka cusa mata alƙalai ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 22 ga Oktoba 2020, ana tsakiyar korona da takunkumin taro, kotun ta soke dalilin nakasar ɗan tayi, wanda a kansa ake yin kusan duk zubar da cikin da doka ta yarda da shi a ƙasar.

A Ireland kuwa an tara taron talakawa 99 da aka zaƙulo ta hanyar canki-canka suka yi watanni suna sauraron likitoci, malaman addini da lauyoyi, sannan aka yi ƙuri'ar raba-gardama a 2018. Wanda bai ji daɗin sakamakon ba yana da damar neman a sake. Ku dubi Turkiyya ma: majalisa ce ta amince da Yarjejeniyar Istanbul kan hana cin zarafin mata a 2011, amma sa hannun shugaban ƙasa shi kaɗai ya fitar da ƙasar daga ciki cikin dare a watan Maris 2021. Ƙofar da aka ɓalle don a kawo muku abin da kuke so yau, ta nan za a shigo gobe a ɗauke abin da kuke ƙauna.

5. Ba Turawa ne suka shigo da wannan fafutuka don rusa addini da iyali ba?

Zargin yana da tushe a tarihi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Lord Cromer, wanda ya juya Masar a madadin Ingila, yana iƙirarin tausayin matan Musulmi, amma da ya koma gida shi ya jagoranci ƙungiyar hana matan Ingila jefa ƙuri'a. Faransa ta shirya bukukuwan cire lulluɓi a Aljeriya a 1958 tana tsakiyar yaƙar masu neman 'yanci. An kafa hujja da matan Afganistan wajen yaƙin 2001.

Amma matan waɗannan ƙasashe ba su jira baƙo ba. Huda Sha'arawi ta jagoranci mata wajen zanga-zangar ƙin mulkin Ingila a 1919 kafin ta kafa ƙungiyar matan Masar a 1923. An kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga majalisa a 1965. Gyaran dokar iyali na Maroko a 2004, wanda ya ɗaga shekarun aure zuwa 18, da hujjojin fiƙihu aka kare shi. A 2017 malamai mata na Indunusiya suka yi babban taro a Cirebon suka fitar da fatawa a kan auren ƙananan yara da cin zarafi ta hanyar lalata. Da Taliban ta rufe wa mata jami'o'i a Disamba 2022, Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib ya fito ya ce matakin ya saɓa wa shari'a. Kuma ɗaya ɓangaren ma yana da nasa abokan waje da kuɗinsu: Taron Iyalai na Duniya, wanda aka kafa daga Amurka da Rasha, ya zauna a Budapest a 2017 da Verona a 2019.

6. Batun hijabi fa? Wata ƙasa na tilastawa, wata na hanawa.

Duka biyun abu guda suke yi: suna ba jami'in gwamnati ikon tare mace a hanya ya yanke hukunci a kan jikinta. Iran ta gwada kowanne. Reza Shah ya hana lulluɓi da ƙarfi a 1936, jamhuriyar da ta zo bayan 1979 ta wajabta shi, har Mahsa Amini ta rasu a hannun 'yan sandan ɗa'a ranar 16 ga Satumba 2022 tana da shekara 22. A Turkiyya an hana Merve Kavakçı rantsuwar kama aiki a majalisa a 1999 don ta yafa ɗankwali. Tunisiya ta taƙaita shi daga 1981 zuwa 2011, Tajikistan ta haramta a 2024, Faransa ta hana a makarantun gwamnati a 2004.

Irin waɗannan dokoki kalmominsu a buɗe suke, kamar "shigar rashin ɗa'a" ko "ƙimar iyali", don haka wanda ke riƙe da sanda shi ke fassarawa. A Sudan ta Bashir sashe na 152 ya tanadi bulala har 40, kuma matalauta masu sana'a a bakin titi da 'yan gudun hijira suka fi shan ta, ba matan manya ba. A Masar da sunan ƙimar iyali aka ɗaure 'yan mata masu bidiyo a TikTok a 2020.

7. Ruwanda ta fi kowa yawan mata a majalisa. Ba hujja ce cewa mulkin ƙarfi na iya amfanar mata ba?

Gaskiya ne tun 2008 mata ke da rinjaye a majalisar wakilan Ruwanda, har sun kai kusan kashi 64 a 2013, kuma dokar gado ta 1999 ta canza rayuwar mata da yawa. Amma Victoire Ingabire da ta dawo don ta ƙalubalanci Kagame a 2010 ta yi shekara takwas a kurkuku, Diane Rwigara kuma an hana ta takara a 2017 aka kama ta. Nikaraguwa ta daɗe a sahun goman farko a jadawalin daidaiton jinsi na Dandalin Tattalin Arzikin Duniya, a daidai shekarun da take raunana dokar hana cin zarafin mata ta 2012, ta kuma soke rajistar ƙungiyoyi fiye da 5,000 tun 2018. A Masar, gyaran tsarin mulki na 2019 da ya ware wa mata kashi 25 na kujeru shi ne kuma ya buɗe wa Sisi hanyar zama har 2030, a takardar ƙuri'a ɗaya. Saudiyya ta ba mata izinin tuƙi ranar 24 ga Yuni 2018, makonni kaɗan bayan ta kama Loujain al-Hathloul da sauran waɗanda suka nemi wannan izini. Masana siyasa Elin Bjarnegård da Pär Zetterberg sun yi bayanin dalilin: ƙidayar mata a kujeru abu ne mai sauƙin nunawa ga masu ba da tallafi, kuma bai rage wa shugaba ikonsa ko kaɗan.

Ku yi wa kowace gwamnati tambaya uku. Matan da ke majalisa sun taɓa kayar da ƙudirin shugaba? Mace na iya takara da shi ta kwana a gidanta? Ƙungiyar mata na iya sukarsa ta ci gaba da aiki? Binciken Mala Htun da Laurel Weldon a kan ƙasashe 70, daga 1975 zuwa 2005, ya nuna cewa ƙarfin ƙungiyoyin mata masu zaman kansu ya fi yawan mata a majalisa da arzikin ƙasa tasiri wajen samar da dokokin hana cin zarafi.

8. In mace ce a kan mulki fa?

Ba ya canza amsar da ke sama. Sheikh Hasina ta mulki Bangaladash da hannun ƙarfe har aka kore ta a Agusta 2024. Rosario Murillo, matar Shugaba Daniel Ortega, tana cikin masu jan ragamar danniyar Nikaraguwa. Shugaban Tunisiya Kais Saied ya naɗa Najla Bouden firaminista a 2021, mace ta farko a ƙasashen Larabawa, wata biyu bayan ya dakatar da majalisa, kuma a zamaninta aka soke dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata.

9. Idan ana rubuta dokar ware wa mata kason takara ko kujeru, me za mu duba don kada a yi mana an yi ba a yi ba?

Fara da tsarin zaɓen kansa. Kaso ya fi aiki inda ake zaɓen jerin sunayen jam'iyya. Da Tunisiya ta koma zaɓen mutum ɗaya a mazaɓa a 2022, tare da sharaɗin tara sa hannun mutum 400, mata suka faɗo daga kusan kashi 31 a 2014 zuwa kusan 16. In jerin sunaye ne, dole doka ta faɗi matsayi, mace da namiji bi da bi, in ba haka ba a ƙasan jeri za a zuba su. Ko hakan bai isa ba: a zaɓen Tunisiya na 2011 kusan kashi 7 kawai na jerin ne mace ke kan gaba, kuma a ƙananan jam'iyyu wanda ke kan gaban jerin kaɗai ke samun kujera. Don haka a nemi rabin jerin jam'iyya su fara da mace.

Hukunci ya zama ƙin karɓar jerin gaba ɗaya. Tara ba ta hana komai. Manyan jam'iyyun Faransa sun yi shekaru suna gwammace a zaftare musu tallafi bayan dokar 2000. Mai maye gurbi ma ta zama mace: a Meziko a 2009 mata takwas suka nemi sauka daga kujerunsu da zarar an rantsar da su don maza su hau, sai da kotun zaɓe ta toshe wannan a 2011. A haɗa da kuɗin kamfe, domin a zaɓen ƙananan hukumomin Barazil na 2016 mata fiye da 14,000 ba su samu ƙuri'a ko ɗaya ba, sunayensu kawai aka ara don cika kaso. A rubuta ranar fara aiki: Indiya ta amince da kashi 33 a 2023 amma ta rataya shi a kan ƙidayar jama'a da sabon yankan mazaɓu. In kujerun da aka keɓe ne, ku tambayi wa ke zaɓen matan, domin wadda shugaba ya ɗora shi za ta yi wa biyayya.

10. Wasu gwamnatocin suna ba iyaye mata kuɗi da rangwamen haraji. Wannan ba alheri ba ne?

Kuɗin gaske ne kuma yana taimako. Shirin Polan na zuloti 500 ga yaro a wata, wanda aka fara a 2016, ya rage talaucin yara, kuma 'yan adawar da suka raina shi sun yi asarar ƙuri'u. Abin dubawa shi ne sharuɗɗa. Hungari ta yafe wa mai 'ya'ya huɗu harajin albashi har abada, ta ba ma'aurata rancen forint miliyan 10 da ake yafewa a haihuwa ta uku. Amma rancen sai da aure, sai da tarihin aikin albashi, kuma in shekara biyar ta wuce ba haihuwa sai a biya ruwan da aka ɗauke. A gefe guda kuɗin yara na kowa da kowa, wanda matalauta da 'yan ƙabilar Roma suka dogara da shi, an bar shi yadda yake tun 2008. Wato gwamnati ce ke zaɓen wadda take so ta haihu.

Gwamnatin da ta mayar da haihuwa aikin ƙasa tana iya juyawa ko ta ina. Dokar Ceaușescu ta 1966 a Romaniya ta tilasta haihuwa, dubban mata suka mutu, gidajen marayu suka cika. A Peru ta Fujimori an juyar da mahaifar mata kusan 270,000 tsakanin 1996 da 2000, da yawansu matalautan karkara ba da cikakkiyar yardarsu ba. Sin ta tashi daga ɗa ɗaya zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021.

11. An kawo dokar "wakilan ƙasashen waje". Yaya take aiki, kuma me ƙungiyarmu za ta tanada?

Samfurin shi ne dokar Rasha ta 2012: duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗin waje kuma take "harkar siyasa" za ta yi rajista, ta liƙa wannan tambari a kan duk abin da ta buga, ta riƙa kai rahoto a kai a kai. Kuskure kaɗan sai tara mai nauyi. An liƙa wa cibiyar ANNA a 2016 da Nasiliu.net a 2020, duka masu taimakon matan da ake duka. Habasha ta ƙayyade kuɗin waje a kashi 10 ga masu aikin haƙƙin ɗan'adam daga 2009 zuwa 2019, ƙungiyar lauyoyi mata ta ƙasar ta sallami yawancin ma'aikatanta. Indiya ta hana babbar ƙungiya miƙa tallafin waje ga ƙarama a 2020, abin da ya fi kashe ƙananan ƙungiyoyin karkara. A Masar an hana Mozn Hassan da Azza Soliman fita ƙasar, aka kuma rufe asusunsu na ƙashin kansu.

Kafin dokar ta fara aiki, a kammala binciken kuɗi da takardun haraji na shekarun baya, domin ta nan ake fara shigowa. A raba bayanan matan da kuke taimako da sauran takardu: lamba a madadin suna, mabuɗin lambobin a wani wuri dabam, adireshin gidan fakewa kada ya kwana a kwamfutar ofis. A ajiye kwafin komai a kulle a wajen ofis. A yi ƙoƙarin tara ajiyar albashin wata uku zuwa shida, a kuma fara karɓar ƙaramin kuɗin mambobi na cikin gida ko bai taka kara ya karya ba. A ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya ko lauya mai zaman kansa da zai karɓi shari'o'in da ke kotu in an rufe ku. Ranar samame mutum ɗaya ne zai yi magana, ya nemi ganin takardar izinin bincike, ya karɓi jerin abin da aka kwashe da sa hannu.

12. Zanga-zangar mata tana kayar da mai kama-karya kuwa?

Tana iyawa, amma ba yawan jama'a kaɗai ke yi ba. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka samu cewa ta lumana ta yi nasara a kashi 53, ta makami a kashi 26, kuma binciken da Chenoweth ta yi daga baya ya nuna damar nasara na ƙaruwa inda mata suka fito sahun gaba da yawa. Iyaye mata 14 ne suka fara tsayuwa a dandalin Plaza de Mayo na Ajantina ranar 30 ga Afrilu 1977 suna neman 'ya'yansu da sojoji suka ɓatar. Matan Laberiya, Musulmi da Kirista, sun tsare ƙofar zauren sulhu a Accra a 2003 suka hana wakilai fita.

Amma Belarus a 2020 da Iran a 2022 sun ga fitowar mata mai tarin yawa, gwamnati ba ta faɗi ba. A duka biyun jami'an tsaro ba su rabu ba, yajin aiki bai daɗe har ya taɓa aljihun gwamnati ba, kuma da aka kama ko aka kori fitattun fuskoki sai jagorancin cikin gida ya raunana. A Sudan a 2019 akwai ƙungiyar ƙwararru da kwamitocin unguwanni da ke ci gaba da tsara aiki ko an kama wasu.

13. Me ya sa ake ture mata gefe da zarar an yi nasara?

Domin titi na kowa ne, teburin tattaunawa kuwa na jam'iyyu da janar-janar ne. A Masar kwamitin gyaran tsarin mulki na Fabrairu 2011 babu mace ko ɗaya, a watan Maris sojoji suka yi wa matan da suka kama a dandalin Tahrir na Alƙahira "gwajin budurci", aka soke kujeru 64 da aka ware wa mata, majalisar 2012 ta zo da mata kusan kashi 2. A Sudan an yi wa mata alkawarin kashi 40 a majalisar riƙon ƙwarya, ba a kafa majalisar ba har juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. A majalisar ƙolin ƙasar ta lokacin mai mutum 11 kuwa mata biyu ne.

Afirka ta Kudu ta nuna wata hanyar. Mata suka kafa haɗakar ƙasa a 1992, kafin a gama tattaunawa, suka matsa har aka wajabta wa kowace tawaga zuwa da mace. Darasin aiki shi ne a nemi kaso a teburin da ke zaune yanzu, ba a hukumar da za a kafa nan gaba ba. A rubuta adadi da rana. A riƙe jerin sunayen matan da aka amince da su a hannu, don kada a ce an nema ba a samu ba.

14. Yaya za a yi da zagi, barazana da hotunan ƙarya a intanet?

A ɗauke su a matsayin makamin siyasa, domin manufarsu mace ta janye da kanta. A binciken Ƙungiyar Majalisun Duniya na 2016 a kan 'yan majalisa mata 55 daga ƙasashe 39, kashi 44 sun ce an yi musu barazanar kisa, fyaɗe, duka ko sacewa. Kuma ba a baki yake tsayawa ba: an harbe Marielle Franco, kansila a Rio de Janeiro, ranar 14 ga Maris 2018. Bolibiya ta kafa doka ta musamman a 2012 bayan kisan kansila Juana Quispe, Barazil ta yi tata a 2021.

Kada a goge komai kafin a ɗauki hoton allo mai nuna sunan asusu, adireshin shafin da kwanan wata. Wata amintacciya ta riƙa karanta saƙonnin a madadin wadda ake hari, ta ware barazanar da ta ambaci gida, makarantar yara ko lokacin fita, domin ita ce ta gaggawa. A sa tabbacin shiga mai mataki biyu ta manhaja, ba ta saƙon waya ba, tunda ana iya sace layi. A sanar da iyali tun kafin hoton ƙarya ya iso musu, domin sau da yawa matsin gida ne ke sa mace ta ajiye takara.

15. In an kayar da gwamnatin a zaɓe, abin da aka ƙwace zai dawo?

Abin da aka yi da umarni yana dawowa da wuri. A 2023 Lula ya maido da ma'aikatar mata a Barazil tun farkon hawansa. Abin da aka dasa a kotu kuwa yana daɗewa. A Polan kashi 74 na masu zaɓe suka fito a Oktoba 2023 aka sauya gwamnati, aka maido da tallafin dashen ciki ga masu neman haihuwa, aka gyara ma'anar fyaɗe ta koma kan rashin yarda. Amma hukuncin 2020 yana nan, kotun tana nan, kuma a Yuli 2024 ƙudirin sassauci ya faɗi da ƙuri'a uku saboda rabuwar kai a cikin ƙawancen. Gidan fakewar da aka rufe kuma, ma'aikatansa sun watse, ba a haɗa su a wata ɗaya.

Akwai kuma juyin abin da aka faɗa a ta 7: haƙƙin da ɗan kama-karya ya bayar daga sama yakan ɗauki baƙin jininsa. Yahya Jammeh ne ya haramta kaciyar mata a Gambiya a 2015, bayan tafiyarsa aka kawo ƙudirin soke haramcin, sai da mata suka yi watanni suna bin 'yan majalisa kafin a kayar da shi a Yuli 2024.

16. Kotuna da yarjejeniyoyin duniya suna da wani amfani?

Suna da shi, amma a hankali. Ƙasashe 189 sun shiga yarjejeniyar CEDAW ta 1979 kan kawar da nuna wa mata bambanci, kuma duk lokacin da ƙasa za ta kai rahotonta, ƙungiyoyi na iya aika nasu rahoton na gefe ga kwamitin. Ƙorafin mutum ɗaya sai ƙasar ta amince da ƙarin yarjejeniyar 1999, kuma sai an ƙure kotunan gida. Hukuncin Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai a shari'ar Opuz da Turkiyya a 2009, kan dukan iyali, yana cikin abin da ya share fagen Yarjejeniyar Istanbul. Kotun Afirka ta yanke a 2018 cewa dokar iyali ta Mali ta saɓa wa Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. Masu mulki sun san haka, shi ya sa Ruwanda, Tanzaniya, Benin da Kodebuwa suka janye damar kai ƙara kai tsaye a wannan kotu, Rasha kuma aka kore ta a 2022 daga ƙungiyar Council of Europe, wadda waccan kotu ta Turai ke ƙarƙashinta.

Afganistan ce iyakar gwajin. Tun 2021 Taliban ta rufe wa 'yan mata sakandare, sannan jami'a da aikin ƙungiyoyin agaji, har ta kai ga dokar 2024 da ta taƙaita jin muryar mace a bainar jama'a. A Yuli 2025 Kotun Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shugaban Taliban Hibatullah Akhundzada da alƙalin alƙalansa bisa zargin zaluntar mutane saboda jinsinsu. Sammacin bai buɗe makaranta ko ɗaya ba, amma irin wannan tuhuma a kan takardun umarni da shaidun da aka tara take tsayawa. Don haka ko kotu ba ta aiki yau, a riƙa rubuta kowane lamari da rana, wuri, muƙamin jami'in da ya aikata da lambar umarnin da ya dogara da shi, a nemi yardar mai ba da shaida a rubuce kan wa za a iya nuna wa bayaninta, a ajiye kwafi a wajen ƙasar.